Idan ƙafa ta daina ɗaukar mutum: daga zamiyar ƙanƙara zuwa ƙwallon guragu ta Kano

Akwai wani wasa na ƙasashen sanyi da yawancinmu nan Urafane sai dai a waya muka taɓa ganinsa. Mutum ya hau ƙololuwar dutsen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ya ɗaura dogayen alluna sirara a ƙafa, ya sulalo ƙasa kamar an harbo kibiya. Shi ake kira zamiyar ƙanƙara. To a cikin masu yin sa har da waɗanda ba su iya tsayuwa sam. A zaune suke yi, cikin wata ƴar kujera da aka kafa bisa allo guda, da gajerun sanduna biyu a hannu. Ƴan uwanmu da ke zaune Turai da Amurka kan turo irin wannan bidiyo, a kalla a majalisa, a yi ta salati, a ce kai, wannan bawan Allah akwai ƙarfin hali. Daga nan sai a shiga wata hira.

Ƙarfin hali kam akwai shi, ba mu musa ba. Amma yau muna so mu ɗan tsaya mu leƙa abin da ke ƙarƙashinsa, don maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Ƙanƙara ce kawai ba mu da ita. Muna da babur, muna da rijiya, muna da gawon da ake hawa a saro wa dabbobi ganye, muna da motar kasuwa da ake zama can bisa kaya, muna da ramin zinariya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya mayar da jarumin manomi mazaunin tabarma tsakanin hantsi da azahar.

Mu ɗauki mutum ɗaya da ya yi suna a wancan wasa, Chris Waddell, ɗan Amurka. A watan Disamba na 1988, yana ɗalibin jami'a mai shekara 20, yana cikin zamiya sai allo ɗaya ya kuɓuce masa, ya faɗi, ƙashin bayansa ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa jikin ya mutu, bai sake taka ƙasa ba. Cikin wata biyu ya koma karatu. Kafin shekara ta cika ya koma kan dutsen, wannan karon a zaune. A gasar Olamfik ta nakasassu ta 1994, a garin Lillehammer na ƙasar Norwe, ya kwashe zinariya huɗu. Ya shiga tseren keken guragu ma, ya ci azurfa a gudun mita 200 a birnin Sidni a 2000. Kafin ya aje wasa lambobinsa sun kai 13. A watan Satumba na 2009 kuma ya zo nahiyarmu, ya hau Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mita 5,895, bisa wani keke mai ƙafa huɗu da ake murzawa da hannu. Kwana shida da rabi ya yi yana murzawa.

Akwai ɗan yankin labarin da masu yabo ba su cika faɗa ba. Can sama ya iske wani wuri mai manyan duwatsu da keken ba ya iya wucewa, dole abokan tafiyarsa suka ɗauke shi suka tsallakar da shi, sannan ya ci gaba. Mu a wurinmu wannan bai rage masa komi ba. Ya dai nuna yadda abin yake tun farko. Kujerar da yake zamiya da ita an ƙera ta daidai jikinsa, da ƙarfe mai shanye girgiza irin na ƙarƙashin sirdin babur, kuma irinta kan ci miliyoyin sefa. Kafin kujera akwai asibiti, akwai masu koya wa mutum yadda zai rayu da sabon jikinsa, akwai makarantar da ta karɓe shi da kekensa. Zuciyar tasa ce, amma ba ita kaɗai ta hau dutsen ba.

Allon da ya bar titi ya shiga fili

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga irin wannan. A wannan shekara ta 1988 da Waddell ya faɗi, wani matashi ɗan Kano mai suna Misbahu Lawan Didi, wanda cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya ƙirƙiro wasan da yau ake kira ƙwallon guragu. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani Kano ko Legas ya san allon nan mai ƙananan tayoyi da guragu ke turawa tsakanin motoci. Shi ne ya zama dokin ɗan wasa.

Ga yadda ake yi. Ɗan wasa zai zauna bisa allon, ya naɗe ƙafafunsa, ya zura silifa a tafin hannu don kada siminti ya ci masa fata. Da hannun zai tura kansa, da hannun zai tare ƙwallo, da shi zai buga. Akwai raga, akwai gola, akwai alƙalin wasa da usur ɗinsa. Gudun da suke yi ba wasa ba ne. Ana karo, ana kifewa, mutum ya mirgina ya sake hawa allonsa ya bi ƙwallo. Wanda ya zo kallo da niyyar jin tausayi, kafin minti goma ya manta da tausayin, ya koma ihu yana zagin gola. A ganinmu nan ne babbar nasarar wasan take: ya sa ɗan kallo ya daina ganin gurgu, ya fara ganin ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga.

Yau wasan yana da hukumarsa a Nijeriya, jihohi na da ƙungiyoyinsu, kuma an saba shirya gasa daidai ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. Ya tsallaka iyaka, ana buga shi a Ghana da nan Nijar. In za mu auna mutanen biyu, ta wata fuska na Kano ya fi ba mu mamaki. Waddell ya iske wasa a shirye, da kayansa da dokokinsa. Didi kuwa katako da tsofaffin tayoyi ya iske, da jama'ar da ba ta san abin da za ta miƙa wa gurgu ba in ban da sadaka.

A Kanon dai akwai Aminu Ahmad Tudun Wada, shi ma shan inna ta kama shi yana ƙarami. Ya jagoranci ƙungiyar waɗanda cutar ta nakasa, suka buɗe wurin walda inda guragu da kansu ke ƙera keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Mai ƙera keken shi ne mai hawansa, don haka ya san inda yake ciwo da inda yake karyewa. A 2003, shekarar da aka dakatar da allurar rigakafi a Kano saboda jita-jita, cutar ta kama ɗansa. Daga nan ya shiga bin unguwanni yana yi wa iyaye magana, yana nuna musu ƙafafunsa. Abin da ma'aikacin lafiya zai yi awa yana bayani, shi da isowarsa ƙofar gida an gane.

Kuma kada a ɗauka wasannin nakasassu abin rage lokaci ne. A Riyo a 2016, ƴan wasan Nijeriya masu lafiyar ƙafa tagulla guda suka kai gida daga gasar Olamfik. Nakasassunsu suka dawo da lambobi 12, takwas zinariya, galibi a ɗaga ƙarfe. Mu Nijar mun fara zuwa wannan gasa a 2004 a ƙasar Girka, kuma har yanzu ƴan wasa ƙalilan muke aikawa.

Shan inna daban, karyewar baya daban

Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Wani nau'inta yana nan yana ɓulla inda yara ba su samu rigakafi ba, shi ya sa masu ɗigo ba su daina zagayawa ba, kuma bai kamata mu rufe musu ƙofa ba. Amma dai yaran da ke shanyewa ta wannan hanya sun ragu ƙwarai. Sabbin mazauna keke yanzu yawanci hatsari ne ke kawo su. Hukumar ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun rauni a laka a duniya, mafi yawa ta hanyar hatsarin hanya, faɗuwa da tashin hankali. Ba mu manta da ramin zinariyar da ya rufta a yankin Ɗan Isa, nan jahar Maradi, a watan Nuwamba na 2021 ba, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 samarinmu ke tafiya irin waɗannan ramuka. Waɗanda suka mutu ana ƙirga su a rediyo. Wanda aka dawo da shi kwance a bayan mota, ba mai ƙirga shi.

A ido, wanda shan inna ta shanye da wanda ya karye a baya duk guragu ne. A jiki ba ɗaya suke ba, kuma rashin sanin bambancin yana kashe mutane. Mai shan inna yana jin ƙafarsa; in ƙaya ta soke shi zai sani, yana riƙe fitsari da bayan gida, kuma tun yana yaro ya koyi dabarun rayuwa a haka. Wanda lakarsa ta taɓu kuwa, ƙasa da wurin raunin sau da yawa ba ya jin komi, kuma fitsari da bayan gida sun fita daga ikonsa. Ga shi jiya-jiya shi ke riƙe da gida.

Laka ita ce farar igiyar nan da ke bi ta cikin ƙashin baya, kamar wayar lantarki cikin bututu. Ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. In raunin yana ƙasa, ƙafafu ne ke tafiya. In yana wuya, har hannuwa, wani lokaci har numfashi. In ta tsinke gaba ɗaya, har yau babu likita ko mai magani a duniya da ke iya haɗa ta. In kuwa matsuwa ta yi ko ta ɗan ƙuje, wani ƙarfin yakan dawo da kansa, musamman a watannin farko. A nan ne masu cin kuɗin mutane ke samun ƙofa: duk wanda ya shafa wani abu a daidai lokacin da yatsa ya motsa, sai ya ce aikinsa ne. Mun san yadda ake sayar da gona da shanun huɗa a bi irin wannan alkawari, a dawo babu gonar, babu ƙafar.

Har zuwa yaƙin duniya na biyu, ko a Turai wanda ya karye a baya ba a sa ran zai daɗe. Mafi yawansu cikin ƴan watanni ko ƴan shekaru suke rasuwa, kuma ba karyewar ce ke kashe su ba. Abu biyu ne: gyambon kwanciya, da ciwon da ke shiga ta mafitsara ya hau zuwa ƙoda. Wanda ya juya wannan al'amari shi ne Dakta Ludwig Guttmann, likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, Bayahude da ya gudu daga Jamus a 1939. A 1944 gwamnatin Ingila ta ba shi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Maganinsa na farko ba wani injin tsada ba ne. Ya kafa doka a riƙa juya kowane maras lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma kula da fitar fitsari cikin tsabta. Da suka daina mutuwa sai ya hana su zaman jiran mutuwa: ya sa su sana'a, ya sa su wasa. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16 masu keke suka yi gasar harbin baka a filin asibitin. Daga wannan ƴar gasa aka kai ga ta Roma a 1960, mai ƴan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23, sannan ta lokacin sanyi ta farko a Suwidin a 1976. Wato mai zamiyar da muke kallo a waya, asalinsa hannun ma'aikaciyar jinya ne da ke tashi tsakar dare ta juya maras lafiya. Wannan kuwa ba ya buƙatar ƙanƙara, ba ya buƙatar lantarki. A ɗakin ƙasa ma ana iya yin sa.

Awa ta farko

Yanzu mu dawo gida. Yaro ya faɗo daga gawo, ko ɗan kabu-kabu ya kife a rairayi. Me muka saba yi? Kowa ya rugo, wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, a tayar da shi zaune, a ce ya gwada tsayuwa. In bai iya ba a ɗora shi bisa babur, mutum a gaba mutum a baya, a nufi gidan likita ana tsalle cikin ramuka. Duk da kyakkyawar niyya ake yi. Amma sau da yawa ƙashi ne kawai ya karye, lakar tana nan lafiya, kuma wannan lanƙwasawar ce ke sa karyayyen ƙashi ya yanke ta.

In wanda ya faɗi yana kukan wuya ko tsakiyar baya, ko ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, ko yana jin kamar tururuwa na bin su, ko ba ya jin an taɓa shi, ko ya suma, to a ɗauka bayansa ya karye har sai likita ya ce a'a. Kada a zaunar da shi. In ba wuta ko ruwa ko ƙasa mai shirin ruftawa a wurin, a bar shi yadda yake har a shirya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu don kada ya juya. A ciro ƙyauren ɗaki ko wani faffaɗan katako. Mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da ƙirji da ƙugu su tafi tare, a shimfiɗa shi a kai, a tokare kan da tsumma ta kowane gefe, a ɗaure shi da rawani ko zane. In babu motar asibiti, amalanke mai tafiya sannu ta fi babur mai sauri. Mun san hanya da nisa, mun san daga gidan likitan ƙauye sai an wuce asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, daga can wataƙila Maradi ko Zinder, wani har Yamai. Daidai saboda nisan ne ya kamata a ɗaure shi da kyau tun daga gindin bishiyar.

Ba mu raina maɗora ba. Hannu da ƙafa nawa suka ɗora aka warke. Amma wuya da gadon baya ba wurin ja da murɗawa ba ne, kuma maɗorin kirki shi da kansa zai ce a wuce da shi gaba.

Bayan an dawo gida sai dogon aiki. A juya shi duk awa biyu. Kullum a duba fatar ɗuwawu, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa. In an ga ja ko duhun da bai washe ba, kada a sake kwantar da shi ta wurin sai ya washe. Shimfiɗa ta zama mai taushi kuma busasshiya, ba tabarma bisa ƙasa ba. In ya fara zama a keke, ya riƙa ɗaga jikinsa da hannu ko ya karkata gefe a kai a kai. Ya sha ruwa sosai. Da yawa sukan rage sha don kunyar jiƙa shimfiɗa, wannan kuwa ƙoda yake ci. In fitsari ya yi wari ko ya yi kauri ga zazzaɓi, maganar likita ce, ba ta jira ba. A riƙa miƙe masa gaɓoɓi ana lanƙwasawa a hankali kowace rana don kada su ƙage.

Akwai kuma haɗarin da ya fi yawa a ƙasa irin tamu. Ƙafar da ba ta ji ba ta san wuta ba. Da sanyin hunturu mutum zai matso kusa da murhu yana hira, ƙafarsa na ƙonewa bai sani ba. Haka ruwan gashi, haka rairayin watan Afrilu, haka bututun hayaƙin babur. Wanda rauninsa ke sama kuma jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata, don haka da bazara a nema masa inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa.

Wannan aiki kusan kullum kan mace yake faɗawa, mata ko uwa, ga daka ga ɗiban ruwa. Mutum ɗaya ba ya iya tashi duk awa biyu har wata shida. In dangi ba su raba dare a tsakaninsu ba, majinyata biyu za a samu a gidan. Kuma mu faɗi gaskiya: in namiji ne ya kwanta, galibi matarsa na zama. In mace ce, sau nawa muke ganin an mayar da ita gidan iyayenta?

Rairayi, keke da kuɗi

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kimanin kashi 4 cikin 100 na ƴan Nijar suna da wata nakasa, fiye da mutum 700,000. Dokoki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Tun 1993 akwai dokar kare haƙƙin nakasassu, a 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 aka yi wata sabuwar doka, kuma an ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma gurbin aikin ofis ba ya isa ƙauyen da gurgu bai taɓa shiga lakwal ba saboda ba mai goya shi kullum. Tsakanin takardar Yamai da ƙofar gidan mai rauni akwai tafiya, kuma rairayi ce.

Rairayin ma ba misali ba ne kawai. Keken asibiti mai siraran tayoyi, irin wanda ake rabawa a bukukuwa a ɗauki hoto, an yi shi ne don daɓen siminti. A unguwanninmu taku goma ba ya yi sai ya nutse. Shi ya sa za ka gan shi jingine a zaure an ɗora masa buhun wake. Abin da ke aiki a nan shi ne keke mai ƙafa uku da faffaɗan taya, wanda mai gyaran keke na kasuwa zai iya yi wa faci, mai walda ya iya ɗinke shi in ya karye. Ko shi ma a wasu hanyoyin sai an haɗa da amalanken jaki. Ga wanda ba ya jin ɗuwawunsa kuma, matashin zama mai kyau ya fi fentin keken muhimmanci, don keke maras matashi gyambo yake kawowa.

Ƴan uwa na Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya, Abijan da Turai, wannan yankin naku ne. In labari ya iso muku cewa wane ya faɗi, mun san ba ku ƙasa a gwiwa, kuɗi na zuwa. Amma yawanci a makon farko suke zuwa gaba ɗaya, su ƙare a mota da magani da abincin ƴan dubiya. Wata na huɗu, lokacin da ƴan dubiya suka ɗauke ƙafa, shi ne lokacin da ake buƙatar katifa, da robar fitsari mai tsabta, da sabulu, da keke, da faɗaɗa ƙofar ɗaki da ta makewayi, da cike dokin ƙofa don taya ta wuce. Jikka biyar duk wata ta fi jikka ɗari rana ɗaya. Ku tambayi likitan da ya duba shi inda ake gashi da koyar da motsa jiki, da inda ake yin ƙafar roba ga wanda aka yanke; akwai sashen wannan aiki a manyan asibitocin Yamai da Zinder. Bayan haka sai jari. Mutumin da hannuwansa ke aiki yana iya ɗinki, gyaran waya, cajin waya da hasken rana, aski, awo a kasuwa, kiwon tumaki a gida, karantar da yara. Sadaka tana ciyar da shi yau. Sana'a ita ke sa a sake neman shawararsa in ana maganar auren ƙanwarsa.

Sai dai mu yi hattara da yabon ma, don yana da kaifi biyu. Ana iya ɗaukar labarin Waddell ko na Didi a mayar da shi bulala: ga wane can ya hau dutse, kai kana kwance kana kuka. Wannan zalunci ne. Wanda ya rasa rabin jikinsa yana da haƙƙin baƙin ciki, kuma in ya daina ci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, ba raki ba ne, ciwo ne da ke son a zauna kusa da shi, a kuma gaya wa likita. Abin da ya fi ɗaga irin wannan mutum ba wa'azin masu ƙafa ba ne. Ganin wani irinsa ne ya shigo bisa keke, da ƙurar kasuwa a jikinsa, ya nuna masa yadda ake sauka daga gado ba tare da an ɗauke shi ba. Tsarin sarkin guragu da sarkin makafi da garuruwan Hausa suka gada, da ƙungiyoyin nakasassu na yanzu, suna iya wannan aiki in an neme su. Yawanci ba a nemansu sai ranar rabon kaya.

Ƙwallon guragu kuwa, in matasanmu na son gwadawa, abin da take buƙata kaɗan ne: katako, ƙananan tayoyi huɗu ga kowane allo, tsofaffin silifa, ƙwallo ɗaya. Abu mai wuyar shi ne fili, don allon ba ya tafiya a rairayi, sai daɓe mai santsi. Wanda ya karye a baya kuma kada ya hau allo sai da matashi mai kauri da izinin likita, saboda fatar da ba ta ji. Maganar daɓen, ta hukumomin gari ce da ƙungiyoyin ƴan asalin Urafane mazauna waje. Siminti ne da yashi, yashin kuwa ba sai an sayo ba.